Tsohuwar Fijo a tseren juriya: me za ka fara gyarawa?

Kana da tsohuwar Peugeot 504 a ajiye, kuma ranka ya biya ka shiga da ita tseren 'yan sha'awa, irin wanda ake kewaya fili rabinsa kwalta rabinsa burji? Madalla. Wannan wasa, ralikuros, an fara shi ne a Lydden Hill ta Ingila a 1967, kuma har yau a Turai da Amurka ya fi ƙarfi. Asalinsa gajere ne, zagaye kaɗan an gama. Na juriya kuwa sa'o'i ake yi ana kewayawa, wanda ya fi yawan zagaye kafin lokaci ya cika shi ne gwani.

Motarka ba baƙuwar burji ba ce. Da 504 Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna. Sai dai shekaru sun ja. Don haka, ƙanena, manta da gudu tukuna. Aikinka shi ne motar ta yini tana tafiya ba ta tsaya ba, kai kuma ka fito lafiya.

1. Nemi littafin dokoki kafin ka taɓa sifana. Kowace gasa da nata sharuɗɗan. A 24 Hours of LeMons ta Amurka, wadda aka fara a 2006, kuɗin motar bai kamata ya wuce dala 500 ba, ban da birki da tayoyi da kayan kariya. A jokamiesluokka ta Finland kuwa, bayan tsere wani na iya neman sayen motarka a kan farashin da aka ƙayyade, kuma dole ka sayar. Idan Fijon gadon Baba ce, ka ga ba can za ka kai ta ba. Karanta, ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da masu duba mota za su nema.

2. Shiga ƙarƙashinta ka nemi tsatsa. Riƙe tocila da sukudireba, ka soki daɓen motar, da gefunan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da inda shokozoba ke kamawa gaba da baya. Idan sukudireba ya shige, wurin ya ruɓe. Ƙaramin rami mai walda zai toshe. Idan ruɓewar ta kai inda ƙafafun motar ke ɗaure, haƙura da wannan bodin, ka cire inji da giya ka nemi wani.

3. Kuɗinka na farko na kariya ne. Kejin ƙarfe na cikin mota, kujerar tsere, bel mai maɗauri 5 ko 6, hular kwano, rigar da ba ta saurin kama wuta, tukunyar kashe gobara, da makunni guda da zai kashe wutar motar baki ɗaya. Kejin nan kada a yi maka shi da bututun famfo. Littafin dokoki ya faɗi irin ƙarfen da kaurinsa, kai wa mai walda shafin ya gani da idonsa. Kowace ƙafar keji ta zauna a kan faranti mai faɗi, in ba haka ba ranar da motar ta kife sai ta huda daɓen ta wuce. Hular kwano kuma sabuwa, mai tambarin da gasar ta yarda da shi. Araha ba ta ado.

4. Yanzu sai sanyaya inji, kuma a nan nake so ka daɗe. Injin 504 na fetur mai cc 1971 jimirinsa ba a magana, amma kansa na alminiyam ne a kan gangar jiki ta ƙarfe. Ya tafasa sau ɗaya da kyau, kan ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, tserenka ya ƙare tun hantsi. Cire lagireto a wanke cikinta, idan ta toshe a sauya. Sauya kowane tiyon ruwa ko da ka ga kamar lafiyarsa lau, domin tsohuwar roba daga ciki take mutuwa. Sabon famfon ruwa, sabon fanbel, sabon murfin lagireto.

Idan wani makanike ya taɓa cire tamostat ya jefar, kamar yadda aka saba yi wa motoci a garejinmu, mayar da sabo. Cire shi ba ya maganin zafi, ɓoye ainihin ciwon kawai yake yi. Sannan ka sa raga a gaban lagireto saboda tsakuwa, ka bar ɗan tazara yadda za ka iya wanke taɓo. Kada ka dogara da tsohuwar allurar zafi. Sa sabuwa, ka haɗa mata babbar jar fitila a gaban idonka, don a tsakiyar ƙura ba wanda ke tuna duba allura.

5. Zubar da tsohon man birki duka. Man birki yana shan danshi. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun wajen 155, sai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa babu komai. Sabon mai, sabbin tiyo, sabbin fata, ka riƙe wasu a akwati.

6. Kare cikinta daga duwatsu. A ɗaura faranti mai kauri a ƙarƙashin kaskon baƙin mai. Bi bututun fetur da na birki daga gaba har baya, duk inda yake lilo ka ɗaure, duk inda dutse zai same shi ka rufe. Batir ya samu maɗaurin ƙarfe, ba igiya ba. Salansa ma ƙara mata maratayi.

7. Duba shekarun taya, ba zanenta kaɗai ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya ta bushe, ba ta kama ƙasa.

8. Ƙyale ƙarfin injin yadda yake. Na san za a zuga ka a sa babban kafireto, a yi kaza a yi kaza. Duk dokin da ka ƙara, zafi ka ƙara. Sabbin filogi, kwantak, wayoyi masu kyau, da matatar iska mai tsabta sun wadatar, kuma ka tafi da matata biyu don ƙura na cinye su. Idan gudu kake so na kyauta, rage nauyi: kujerun baya, kafet, rediyo, duk su fita in doka ta yarda.

9. Yi ranar gwaji a rufaffen fili da izinin masu shi, ba a titin unguwa ba. Ɗaure kowane noti na ƙafafu da sitiyari, ka ɗiga masa fenti, yadda da kallo ɗaya za ka gane wanda ya motsa. Cika tanki, yi awa guda cur kana kewayawa, sannan ka auna litar da ta sha. Da wannan lissafin za ka san sau nawa za ka tsaya shan mai. Ku gwada sauya direba da abokan tafiyarka har hannu ya saba da bel ɗin. Kai ma gwada fitowa daga motar da sauri, sanye da hula, idonka a rufe.

10. Ranar tsere, kada ka ba ta duk abin da take da shi. Bar masu zafin kai su yi karo a kwanar farko. Fijo da ƙafafun baya take turawa, saboda haka a kan burji taka birki tun motar na miƙe, shiga kwana a natse, sannan ka ba ta totur a hankali. Sauya giya kafin injin ya fara kuka. San tutoci: rawaya, rage gudu kuma ba wuce wani, shuɗiya, mai sauri na bayanka, baƙa, kai ake kira ka shigo, ja, an tsayar da tsere. Duk tsayawa, mutum ɗaya ya duba baƙin mai da lagireto, ɗaya notin taya, ɗaya ya goge gilashi ya miƙa wa direba ruwa. Kada kowa ya buɗe murfin lagireto tana da zafi.

Gobe da safe, kafin ka sayi ko noti ɗaya, aika wa masu shirya gasar saƙo su turo maka littafin dokoki. Sannan ka ɗaga motar, ka tokare ta da jakin tsaye masu ƙarfi, ba jak kaɗai ba, ka shiga ƙarƙashi da tocilarka da takardar rubutu.