Matar Aure a Tsohuwar Dokar Turai

Jakar wasiƙunmu ta cika maƙil a wannan mako, amma guda biyu na ware saboda bakinsu ya zo ɗaya. Ta farko daga wata malamar makarantar 'yan mata ce a Zariya. Ta ce: "Don Allah, tun fil azal matan Turai suke da 'yancin da muke jin labari, ko daga baya suka samu? Ɗalibaina sun tambaye ni, na rasa abin faɗi."

Malama, Allah Ya ƙara basira. Daga baya suka samu, kuma da ƙyar da jiɓin goshi.

Tauye wa mata haƙƙi ya daɗe, tun daular Rum, inda doka ta damƙa wa uban gida iko a kan duk wanda ke ƙarƙashin rufinsa. Amma bari in kawo ki kusa, zuwa Ingila. A 1765 wani babban masanin shari'a, William Blackstone, ya fayyace yadda dokar ƙasar ke kallon aure: da zarar an ɗaura, miji da mata sun zama mutum guda, kuma mijin ne ke magana da sunan wannan mutum. Matar ba ta ƙulla yarjejeniya da kanta, ba ta shigar da ƙara da sunanta. Kuɗin da ta zo da su da ladan aikin hannunta duk na miji ne. Na san mai saurarona da ke da akuyarta da kuɗin adashinta, wadda shari'ar Musulunci ta tabbatar mata da sadakinta da gadonta, za ta riƙe baki. To, haka abin yake.

Ga labarin mace guda, don ki ga dokar a jikin mutum. Caroline Norton marubuciya ce, ta auri George Norton a 1827, mutum mai saurin hannu. A 1836 ya kwashe 'ya'yansu maza uku ya hana ta ganinsu. Ya kuma maka Firaminista Lord Melbourne a kotu bisa zargin neman matarsa. Kotu ta yi watsi da ƙarar, amma duk zaman da aka yi ana tattaka mutuncinta ba a ba ta damar furta ko kalma ɗaya ba, domin a idon doka ba ta da baki. Hatta kuɗin littattafanta yana da ikon karɓa: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba ta zauna ta rungume hannu ba. Ta yi ta rubuta ƙasidu tana bin 'yan majalisa, har a 1839 aka yi dokar da ta ba uwa damar neman riƙon 'ya'yanta 'yan ƙasa da shekara 7. Sai mijin ya ajiye yaran a Sikotilan, inda dokar ba ta aiki. A 1842 autansu William ya faɗo daga kan doki, kafin ta iso rai ya yi halinsa. Wallahi duk lokacin da na zo wannan gaɓa sai jikina ya yi sanyi. Uwa ta buɗe wa sauran iyaye mata ƙofa, nata ɗan ya rasu ba ta kusa. Sai a 1870 matar aure ta mallaki ladan aikinta a Ingila, a 1882 kuma ta mallaki dukiyarta baki ɗaya. Caroline ba ta ga ta biyun ba, ta rasu a 1877.

Wasiƙa ta biyu daga wani tela ce a Maraɗi. Ya ce: "A makaranta an koya mana juyin juya halin Faransa ne ya kawo daidaito. Har da mata a ciki? Kuma yaushe suka fara zaɓe?"

Malam, Allah Ya yi wa sana'a albarka. Mata sun yi ruwa sun yi tsaki a wannan juyi. A watan Oktoban 1789 dubban matan kasuwar Faris, da tsadar burodi ta kai su bango, suka taka da ƙafa har fadar Basai, suka taso Sarki Louis na 16 zuwa cikin birni. Da aka zo rabon haƙƙi sai aka mayar da su saniyar ware. Wannan ne ya sa Olympe de Gouges ta fitar da sanarwar haƙƙin mata a 1791, tana neman a ba mace ƙuri'a da muƙami da ikon mallaka. Dama ta riga ta yi rubutu tana la'antar cinikin bayi. Ranar 3 ga Nuwamban 1793 aka fille mata kai. Gaskiya ɗaya ce, laifin da aka tuhume ta da shi sukar masu mulki na lokacin ne, su Robespierre. Amma kwanaki kaɗan kafin nan aka haramta ƙungiyoyin siyasa na mata gaba ɗaya, ka ga ke nan inda aka dosa. Napoleon ya zo a 1804 ya sa wa matar aure sabon takunkumi a kundin dokokinsa. Sai a 1965 Bafaranshiya ta iya kama aiki ko buɗe asusun banki ba tare da amincewar miji ba.

A tsallaken ruwa, Mary Wollstonecraft ta wallafa littafinta kan haƙƙin mata a Landan a 1792. Hujjarta ita ce ba ƙarancin hankali ne ke damun mata ba, hana su ilimi aka yi, sannan aka dawo ana yi musu gorin jahilci. A ganina duk cikin maganganun wancan zamani babu wadda ta kai wannan nauyi.

Batun zaɓe kuwa ya ja dogon lokaci. A 1866 John Stuart Mill ya miƙa wa majalisar Ingila takardar koke mai sa hannun mata wajen 1,500, ba a biya musu buƙata ba. A 1903 Emmeline Pankhurst ta kafa ƙungiyarta a Mancesta, suka koma fasa tagogi, har da cinna wa gine-gine wuta. Ba na goyon bayan ƙone-ƙone, amma abin da aka yi musu a kurkuku ma zalunci ne: idan suka ƙi cin abinci sai a danne su a zura musu roba ta hanci a ɗura musu. A 1918 aka ba masu shekara 30 zuwa sama ƙuri'a, su ma da sharaɗin dukiya, sauran matan kuwa sai a 1928. Finlan ta riga su tun 1906, Faransa sai 1944, Suwizalan kuma sai 1971.

Malama ta Zariya, idan kin shiga aji gobe, ki rubuta wa 'yan matan nan sunan Caroline Norton da na Olympe de Gouges a allo, ki ba su labarin kamar yadda kika ji shi. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.