Kada Ka Ba Wake Takin Masara

Jama'ar Unguwar Kanawa, da masu ɗan shuka a bayan gida da masu fita gona wajen Rigachikun ko Mando, ga abin da ya kamata ku sani kafin ku buɗe buhun taki.

In ka tuge wake ko gyaɗa mai kamar sati shida, za ka ga 'yan ƙulluttai a jikin saiwa. Ba cuta ba ce. Gidajen wasu ƙwayoyin halitta ne da masana ke kira rizobiya. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma shuka ba ta iya ɗaukar ta haka nan. Ƙwayoyin nan ne ke kamo ta su sarrafa wa wake, shi kuma ya biya su da sukarin da ganyensa ya haɗa. Fasa ƙullutu ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, ana aiki. In ya koma kore, aiki ya tsaya.

To, yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce. Idan ka ɗura wa wake, sai ya ga abinci ya zo a ɓagas, ya rage ciyar da abokan nasa, ƙulluttan su ƙaranta. Ganye ya yi luf-luf, 'ya'ya kaɗan, kuɗinka kuma sun tafi. Yuriya ta masara ce da dawa. Wake, gyaɗa da waken soya takin supa suke so.

Sha'anin ruwa kuwa kaifi biyu ne. In an ɗauke ruwa tsakiyar damina, ƙulluttan kan daina aiki tun ganye bai nuna yaushi ba. In kuma ruwan Agusta ya kwanta a gona, saiwa ta rasa iska, wasu ƙwayoyin na daban su mayar da takin da ka saya iska, ragowar kuma ruwa ya wanke. Saboda haka ka ɗaga kunya sosai, ka raba takin masara zubi biyu, ka riƙa binne shi cikin danshi. Ƙona karmami kuma, wanda har yau wasu ke ɗauka sharar gona ce, ƙona abincin ƙasa ne.

Masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, sun daɗe suna ba da shawarar karɓa-karɓa: bana waken soya, baɗi masara. Hakan har wuta-wuta yake ragewa, domin a gajiyayyar ƙasa ta fi ƙarfi.