Ƙona Zuciya Karo Na Biyu: Aikin Farko Ya Lalace Ne?

Wani mai sauraronmu daga Garwa ya rubuto cewa an yi wa mahaifinsa aikin ƙona wuraren da ke rikita bugun zuciya, ciwon ya dawo, likita kuma ya ce a sake. Shin aikin farko ya lalace?

Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Ba lallai ba ne. A 1998 likita Michel Haïssaguerre na Bordo a Faransa ya nuna cewa rikicin yakan taso daga bakin jijiyoyi huɗu masu kawo jini daga huhu. Akan zura siririyar waya ta jijiyar cinya a ƙona kewayensu, tabo ya tare wa rikicin hanya. Sau da yawa tabon kan bar giɓi, aiki na biyu shi ke toshe shi, kuma an fi buƙatar maimaita aikin ga mai ciwon da ba ya lafawa da kansa.

Za ka ce kuɗi da doguwar tafiya da haɗarin zubar jini fa? Gaskiyarka. Shi ya sa nake ganin a fara da hoton zuciya a babban asibitin Garwa: idan ɗakin zuciya na sama ya buɗe sosai, amfanin aikin yakan ragu. A kula da hawan jini, kuma kada Baba ya bar maganin tsinka jini sai da izinin likita, domin shi ke kare shi daga shanyewar ɓarin jiki.