Darasin Noma da Kasuwanci: Gonar Inabi a Yankin Maiduguri

Yawancin inabin da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya daga ƙasashen waje ake shigo da shi, musamman Afirka ta Kudu da Masar. Amma manoman Ƙaramar Hukumar Kudan, kusa da Zariya a Jihar Kaduna, sun nuna cewa itacen yana yi a ƙasar Arewa. Ɗan kasuwar Maiduguri da ke sha'awar zuba jari a wannan sana'a ya kamata ya san cewa ribarta da asararta duka suna rataye ne a kan lokaci.

A ƙasashen Turai sanyin hunturu ne ke kwantar da itacen, ya zubar da ganye, sa'annan ya farfaɗo. A ƙasar zafi ba ya samun wannan hutu, saboda haka manomi ne ke tsara masa shekara da almakashi. Manoman Nashik a ƙasar Indiya suna datse rassa sau biyu: a watan Afrilu domin itacen ya yi sabon reshe, da kuma a watan Oktoba domin ya yi 'ya'ya. Daga datsewa ta biyu zuwa tsinka akan ɗauki wata huɗu zuwa biyar.

Wannan lissafi ya dace da Maiduguri. Damina kan ɗauke a ƙarshen Satumba. Wanda ya datse a Oktoba, inabinsa zai yi girma cikin hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke hana cutar fumfuna yaɗuwa, kana ya tsinka a Fabrairu ko Maris. Wanda ya yi jinkiri kuwa zai haɗu da zafin Afrilu da Mayu, mai wuce digiri 40, wanda ke ƙona 'ya'yan a kan rumfa. Idan ya ƙara jinkiri, ruwan farko zai fasa su. Tsinka da wuri ba mafita ba ce, domin inabi ba kamar ayaba ba ne: da zarar an cire shi daga jikin itace, zaƙinsa ba ya ƙaruwa. Lissafin yana da amfani ta fuskar ciniki ma, domin a shekarar 2025 azumi ya faɗo a Maris, lokacin da kayan marmari ke daraja. Sai dai kowace shekara azumin na matsowa da kimanin kwana 11.

Batun wuri shi ne mafi tsada idan an yi kuskure. Masu lambu sun daɗe suna dogaro da Kogin Ngadda da madatsar ruwa ta Alau, amma saiwar inabi ba ta jure kwanciyar ruwa. A watan Satumba na 1994 ambaliya ta auka wa Maiduguri, kuma a ranar 10 ga Satumba, 2024 madatsar ta ɓalle, ruwa ya mamaye birnin, har kadoji da macizai suka fita daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Mai tumatir yakan sake shuka bayan ruwa ya janye. Mai inabi kuwa zai rasa itatuwa da turaku da wayar rumfa, wato jarin shekaru. Tudu mai rairayi, tare da rijiyar burtsatse, ya fi fadama da baƙar ƙasar firgi da ake noman masakwa a cikinta.

Sai maganar dabbobi. Jan baki, wanda manoman Borno suka fi tsoro, hatsi yake ci. Abokan gabar inabi su ne tsuntsaye masu shan 'ya'yan itace da safe, da jemagu da dare, da zanzaro da ke bin duk ƙwayar da aka huda. A tsakiyar rani, lokacin da daji ya bushe, gonar inabi kan zama abincin da ya rage a karkara. Yaro mai buga gwangwani ba ya tsare ta da dare. Raga ce ke tsarewa, kuma kuɗinta ya kamata ya shiga kasafi tun ranar farko, tare da na shinge saboda awaki, da na turakun da gara ba ta ci.

Kafin a dasa ko da itace ɗaya, a tabbatar da mai saye da wurin ajiya mai sanyi, domin inabin da aka tsinka a zafin Maris kwanaki kaɗan yake yi kafin ya yanƙwane.