Ranar da Take Ƙona Mu Ita Za Ta Ba Mu Wuta

Abin da nake so in yi magana a kansa shi ne wutar lantarki, da hanyoyin samunta waɗanda ba sa ƙarewa, watau ruwa da iska da hasken rana. Kowa ya san halin da muke ciki. Tela ya zauna da ɗinkin Salla jibge a gabansa, mai walda ya harɗe hannu, ɗalibi yana bitar jarrabawa da tocilan, duk don an ɗauke wuta. Dā mai hali yakan tada janareto, amma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 abin ya zama sai wane da wane.

Mafi yawan wutar da ake rabawa a Nijeriya daga iskar gas take fitowa, wadda ake ƙonawa tana fitar da hayaƙi mai ƙara ɗumama duniya. Sauran kuwa daga ruwa. An gama madatsar Kainji a kan Kogin Kwara a 1968, daga baya aka yi ta Jebba da ta Shiroro, sai kuma ta Zungeru mai ƙarfin megawat 700 wadda aka kammala a 2023. Ruwa ne yake gangarowa da ƙarfi ya juya injin, injin ya ba da wuta. Aibinta ɗaya, in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, wutar ma takan ragu.

To, mu nan Arewa, lokacin da ruwa yake ja baya shi ne lokacin da rana take ƙwallewa. Farantin sola da muke gani a kan rufin gidaje da silikon ake yinsa, wani sinadari da ake tacewa daga farin dutse da yashi. Idan haske ya faɗa masa sai wuta ta gudana cikin waya, a tara ta a batir don amfanin dare. Ba mai, ba hayaƙi, ba ƙara. Daga 2010 zuwa 2020 kuɗin farantin nan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a kasuwar duniya, shi ya sa har mai cajin waya a ƙauye ya mallake shi.

Manyan ayyuka ma sun soma. A 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a 2023 kuma aka buɗe mai megawat 10 a Kumbotso, duk a Kano. Maƙwabtanmu na Nijar sun kafa tasu mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai. Sun ga amfaninta kuwa, domin a 2023 ɗin Nijeriya ta yanke musu wutar da take sayar musu bayan juyin mulki. Gaskiyar Bahaushe, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma fa akwai abin lura. Kafa na'ura daban, riƙe ta daban. An yi tunanin tashar iska ta Lambar Rimi a Jihar Katsina tun 2005, mai injuna 37, amma aikin ya yi shekaru fiye da goma yana jan ƙafa. Farantin sola kansa, in ƙurar hunturu ta rufe shi ba a goge ba, wutarsa takan ragu ƙwarai. Batir kuma in aka zuƙe shi ƙarƙaf kullum, ba ya daɗewa. Fitilun sola nawa muke gani a bakin titi sun mutu, alhali kuwa gyaransu bai taka kara ya karya ba?

Saboda haka ni a ganina abin da ya rage mana ba rana ba ce, masu ilmin aikin ne. Wa zai lissafa faranti nawa ne za su ishi asibitin ƙauye, don kada allurar rigakafi ta lalace a firji? Wa zai gyara famfon sola na masu noman rani? Mu ne, in mun dage da darasin Lissafi da Kimiyya, maza da mata. Ina roƙon iyayenmu kada su raina yaron da ya ce zai koyi aikin lantarki, don sana'a ce mai rufin asiri.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.