Shawara ga Ma'auratan da Haihuwa Ta Yi wa Jinkiri

'Yan'uwa, kuskuren da ya yawaita a gidajenmu shi ne, da zarar aure ya kai shekara biyu ko uku ba a ga ciki ba, sai a ɗora alhakin kan mace ita kaɗai, a yi ta ɗirka mata jiƙe-jiƙe da saiwoyin da ba a san ƙarfinsu ba, alhali likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin irin wannan larura akwai sababi daga wajen namiji, kuma wannan jinkiri yana cinye shekarun da mace ta fi saurin ɗaukar ciki.

Saboda haka, idan shekara guda ta cika babu ciki, ko wata 6 in matar ta haura shekara 35, ku tafi asibiti ku biyu. Maigida ya fara da gwajin maniyyi, domin shi ne mafi sauƙi da araha. Uwargida kuwa a bincika al'adarta, a ɗauki hoton mahaifa, a ga ko ciwon sanyin da ba a yi wa magani ba ya toshe bututun ƙwai. Wata larurar magani ke warware ta, wata sai tiyata, wata kuma sai dashen ciki na IVF, wanda aka fara haifar jariri ta hanyarsa a Ingila a 1978, kuma jumhurin malamai sun halatta shi muddin maniyyi da ƙwai na miji da matarsa ne, igiyar aurensu tana nan.

Ku haɗa addu'a da riƙon sababi, ku kuma tsare mutuncin juna daga gorin dangi, domin haihuwa baiwa ce daga Allah, rashinta ba laifin kowa ba ne.