Sankarar jinin kyanwa: me ake iya yi wa wadda ta kamu?

Darasinmu na yau a kan kyanwa yake, wadda wasu ke kira mage, wasu kuma mussa. Manomi ya san amfaninta. Ita ce mai gadin rumbu da dare. Gidan da kyanwarsa ta mutu, ba a jimawa sai a ga ɓeraye sun huda buhu, sun ɓata hatsi da kashinsu. Saboda haka lafiyar kyanwa tana cikin lissafin cimakar gida.

Akwai wata cuta mai tsanani da ke kama kyanwoyi a duk faɗin duniya. Ana kiranta sankarar jinin kyanwa. A takardar gwaji, likitocin dabbobi suna rubuta sunanta da haruffa huɗu: FeLV. Wani likitan dabbobi mai suna William Jarrett ne ya gano ƙwayar cutar tare da abokan aikinsa, a jami'ar Gilasgo ta ƙasar Birtaniya, a shekarar 1964.

Mu faɗi gaskiya tun daga farko: har yau babu maganin da ke fitar da wannan ƙwaya daga jikin kyanwa in ta zauna. Amma rashin maganin warkarwa ba shi ne rashin abin yi ba.

Yaya cutar take?

Ƙwayar cutar birus ce, wato irin ƙananan ƙwayoyin nan da antibiyotik ba ya kashewa. Tana fita cikin miyau da yawa. Kyanwa na ɗaukar ta in suna lasar juna, ko suna ci a kasko ɗaya, ko muzurai sun ciji juna wajen faɗa. Uwa ma tana ba ƴaƴanta tun suna ciki, ko ta hanyar nono. Ƙananan ƴaƴa sun fi manya saurin kamuwa.

Ku kwantar da hankalinku: ba ta kama mutum, ba ta kama kare, akuya ko kaji. Ta kyanwoyi ce.

Ba duk wadda ƙwayar ta shiga ce ke ciwo ba. Wata jikinta yana kore ta gaba ɗaya. Wata kuma jikinta yana danne ta, ta ɓuya, ba ta bazuwa. Kashi na uku su ne waɗanda ƙwayar ta ci ƙarfinsu, ta shiga ɓargo inda ake yin jini. Su ne masu ciwo, su ne kuma masu baza cutar. Jininsu yana raguwa, garkuwar jikinsu tana raunana, wasu kuma ƙari yana fito musu a ƙirji ko a hanji.

Alamun sun haɗa da rama, ƙin abinci, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, zawo, kaluluwa, miki a baki, da mura wadda ba ta ƙarewa. In kun ɗaga leɓenta, dasashi ya yi fari maimakon ja. Mace mai ciki takan yi ɓari. Sai dai waɗannan alamu ba su isa a yanke hukunci ba, domin tsutsar ciki da yunwa ma suna ramar da kyanwa. Gwajin ɗigon jini ne ke nunawa, kuma likita yakan so a sake shi bayan wata ɗaya ko fiye, don a san ko jikin ya danne ƙwayar.

Jinyar da ake yi a gida

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa.

Da farko a ware ta. A ba ta ɗaki ko zagaye mai inuwa, da kaskon ci da na ruwa nata ita kaɗai. Warewar tana da amfani biyu. Tana tsare kyanwoyin maƙwabta, tana kuma tsare ita marar lafiyar daga cututtukan da za ta kwaso a waje. Ƙwayar ba ta da ƙarfi in ta bar jiki. Ba ta wuce ƴan sa'o'i a busasshen wuri, kuma sabulu ko ruwan jabel yana kashe ta. A riƙa wanke kasko kullum.

Sai abinci. Kyanwa mai cin nama ce, tuwo da ƙanzo kaɗai ba su riƙe ta. A ba ta dafaffen nama, ko dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai. Kar a ba ta ɗanyen nama ko kayan cikin da aka zubar a mahauta, domin jikinta ba ya iya yaƙi da ƙwayoyin da ke ciki. Kar a zuba mata sauran miya mai albasa ko tafarnuwa: waɗannan biyu suna lalata jinin kyanwa, ita kuwa dama jinin ne ya yi mata ƙaranci. In ba ta son ci, a ɗumama abincin kaɗan, ƙanshin yakan jawo ta. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke, balle a watannin zafi.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi kowane muhimmanci. Kada ku ba kyanwa maganin mutane. Da yawa cikinmu, in dabba ta yi zazzaɓi, sai mu tari mai tallar magani mu sayo farasitamol. Ga kyanwa wannan guba ce. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya kashe ta: fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, numfashi ya gagara. Ibuprofen da asfirin ma suna da haɗari. Haka nan maganin ƙwari na gona, ko maganin ƙuma na kare mai sinadarin permetirin, ba a shafa wa kyanwa. Tausayi ne ke sa mutane yin haka, amma tausayin nan ya kashe kyanwoyin da cutar kanta ba ta kai ga kashewa ba.

Abin da likitan dabbobi ke iya yi

Sau da yawa ƙananan cututtukan da suka samu ƙofa buɗe ne ke kayar da kyanwar. Su kuwa suna da magani. Likita yana ba da antibiyotik don mikin baki, ƙurji ko ciwon huhu, kuma yakan tsawaita kwanakin shan maganin fiye da na lafiyayyar kyanwa. Yana ba da maganin tsutsa da na ƙuma wanda ya dace da ita. In ta bushe saboda zawo, yana yi mata ƙarin ruwa. Abin da ake so shi ne a kai ta da wuri, kar a jira ta kwanta. A tambaya a ma'aikatar kiwo mafi kusa.

Akwai jinya mai zurfi da ake yi a manyan asibitocin dabbobi, musamman a Turai da Amurka. Ana ƙarin jini. Ana ba da magungunan sankara don ƙarin ya lafa na wasu watanni. Akwai allurar intaferon ta kyanwa mai ƙarfafa garkuwar jiki. An kuma gwada AZT, maganin da aka fara ba masu cutar Sida, amma shi kansa yana iya rage jini. Duk suna da tsada, kuma babu wanda ke warkarwa a cikinsu. A ganina, mai ƙaramin ƙarfi kada ya damu da rashinsu. Inuwa, abinci mai kyau da saurin zuwa wurin likita sun fi kusa da hannunsa.

Kwana nawa take yi? Binciken da aka yi a Amurka ya nuna rabin kyanwoyin da aka gano suna ɗauke da cutar suna wuce shekara 2 a raye, wasu ma suna kaiwa fiye da haka sosai. Don haka ba a kashe kyanwa saboda gwaji ya nuna cuta alhali tana ci tana wasa. Amma in ta daina ci da sha, numfashi ya yi mata wuya, a bar likita ya sauwaƙe mata wahala.

Rigakafi

Allurar rigakafi ta fara fitowa a Amurka a 1985. Ana yi wa ɗan kyanwa daga mako 8, a sake bayan mako 3 zuwa 4, sannan a tuna masa bayan shekara. Ba ta amfanin wadda ta riga ta kamu. Fiɗiyar muzuru tana rage yawo da faɗa. Macen da ta kamu, gara likita ya yi mata aikin hana haihuwa, domin yawancin ƴaƴanta ba su rayuwa.

Kada a rikita ta da haukan kare

Kyanwa mai mikin baki tana dalalar da miyau. Mai ciwon haukan kare ma haka take yi, wannan kuwa yana kama mutum, yana kisa. In kyanwa ta canza hali farat ɗaya, tana kai cizo ba dalili, ko ƙafafunta na baya sun shanye, kada kowa ya sa hannu a bakinta. A rufe ta, a nisantar da yara, a sanar da ma'aikatan kiwo. Wanda ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi likita a ranar nan domin allura.